Lissafin Man Dizal: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya taɓa shiga filin sayar da motoci ya taya Hilux ko Land Cruiser mai amfani da gas, wato dizal, ya san waƙar da dillali zai rera masa: "Alhaji, wannan ba ta shan mai, shinshinarsa take yi. Ka cika tanki a Kano, ka je Abuja ka dawo, allura ba ta taɓa ja ba." Dillali kasuwarsa yake ci, kuma mai hankali ya san yadda ake sauraron bakin dillali. Wanda yake ƙona mini rai shi ne mai ilimin da ya kwafi irin wannan magana daga takardar kamfani, ya shigar da ita kwamfutar ofis, ya mayar da ita doka, sannan ya riƙa zaftare albashin direba duk lokacin da mota ta ƙi bin dokar. Ana wannan zalunci a ma'aikatu, da kamfanonin gine-gine, da ƙungiyoyin agaji, kuma masu yinsa har alfahari suke yi wai sun toshe ɓarna.

Mu fara da inda adadin ya fito. Idan takardar mota ta ce tana shan lita 8 a kowace kilomita 100, to a cikin ɗakin gwaji aka samo wannan. Ana ɗora motar bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, tayoyi suna gudu, ita tana tsaye wuri guda. Tsarin gwajin da Turai ta daɗe tana amfani da shi, wato NEDC, tafiyar kilomita 11 ce cikin minti 20, matsakaicin gudun bai kai kilomita 35 a awa ba, an kashe esi, zafin ɗakin kuma tsakanin digiri 20 da 30. Babu rami, babu yashi, babu buhu ko ɗaya a baya.

Su kansu Turawan sun gaji da wannan. Cibiyar bincike ta ICCT ta kwatanta abin da ke takarda da abin da masu mota ke saye a gidan mai, ta gano cewa tazarar ta tashi daga kusan kashi 9 cikin 100 a 2001 zuwa kashi 42 a 2016. Daga Satumban 2017 aka shigo da sabon gwaji, WLTP, mai tsawon kilomita 23 cikin minti 30. An samu gyara, amma rahoton da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 ya nuna motocin dizal suna shan kusan kashi 18 fiye da abin da sabon gwajin ya ce. Wannan fa a kan titunan Jamus da Faransa ke nan, inda kwalta take sumul.

Wani lokacin ma ƙaryar tsagwaronta ce. A 2016 kamfanin Mitsubishi ya amsa cewa ya yi wa alƙaluman shan mai na ƙananan motoci kusan 625,000 kwaskwarima a Japan. Hyundai da Kia sun biya tarar dala miliyan 100 a Amurka a 2014 saboda zuzuta tsimin man motocinsu. A Ostireliya kuwa wani mutum ya kai ƙara saboda Mitsubishi Triton ɗinsa, wadda muka sani a nan da L200, tana shan mai fiye da abin da aka liƙa a gilashinta. Shari'a ta kai har kotun ƙoli, a Disambar 2023 ta wanke kamfanin, bisa hujjar cewa doka ce ta tilasta masa liƙa sakamakon gwajin. To idan shi mai ƙera motar ba a iya kama shi da wannan adadi a gaban alƙali, da wace hujja akanta zai kama direba da shi?

Dubi motar da ake turawa aikin rigakafi a ƙauyukan Yobe, ko duba rijiyoyin burtsatse a yankin Diffa. An ɗaura mata bamba ta ƙarfe a gaba, an sa mata maɗorin kaya a bisa, an canja tayoyin kamfani da masu manyan haƙora, ga safaya biyu. Mutum biyar a ciki, bayanta shaƙe da kwalaye da janareta da jarkokin ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, esi ba ya hutawa. Oga zai shiga taro da hakimi ya ce a bar injin a kunne don kada motar ta ɗau zafi, ta yi awa biyu tana ƙona mai kilomita ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Ga shingayen jami'an tsaro, a tsaya a tashi, a tsaya a tashi. Inda kwalta ta yi kyau kuma, tsoron 'yan bindiga ya sa an umarci direba ya taka wuta don a shiga gari kafin la'asar, alhali iskar da ke tokare mota a gudun kilomita 120 ta kusa ninka wadda ke tokare ta a gudun 90. Da zarar an sauka daga kwalta an shiga rairayi, an rage iskar taya, an sa ƙafa huɗu suna ja a ƙaramar giya, shan mai yana iya ninkawa. Idan ta kafe a taɓon damina, man da za a ƙona kafin a fito da ita ba ya cikin lissafin kowa.

Yanzu mu buga lissafin da ɗan firamare ma zai iya. Tankin Hilux lita 80 ne. A lita 8 kowace kilomita 100, tafiyar kilomita 1,000 ke nan, kuma wannan shi ne adadin da ofis yake so. Idan ta sha lita 11, tafiyar ta dawo kusan 730. Direba mai hankali ba ya bari tanki ya ƙafe, domin injin gas idan ya ja iska sai an sha wahala kafin ya tashi, ga dattin da ke kwance a ƙasan tanki. A cire lita 10 ta ko-ta-kwana, saura kilomita 640. A yashi, idan ta kai lita 18, ko 400 ba za ta cika ba. Mota ɗaya, tanki ɗaya, amma daga 1,000 zuwa ƙasa da 400. Kamfanin Toyota da kansa ya san haka, shi ya sa Land Cruiser 78, wadda ƙungiyoyi ke mayarwa motar ɗaukar marasa lafiya, take zuwa da tanki biyu, kowane lita 90.

Sai direba ya dawo daga daji, ƙura har cikin gira, a kira shi ofishin akanta. Ba a ce masa ya zauna ba. An juyo da fuskar kwamfuta ana nuna masa da bakin biro.

"Malam, kilomita 600 ka yi. Lita 48 ya kamata ka sha. Ina sauran 20?"

"Ranka ya daɗe, hanyar duk yashi ce daga inda kwalta ta ƙare, kuma sau biyu muna kafewa."

"Ni ban san yashi ba. Abin da tsari ya ce na sani. Ka sa hannu a nan."

Zai sa hannu, don yana da iyali. Shi kuma ogan da ya ce a bar esi a kunne yana ofishin da ke kusa, ba zai buɗe baki ba.

Kuɗin da ake magana ba na wasa ba ne. Gas ba ya cikin tallafin gwamnati a Najeriya tun kafin a cire na fetur. A Janairun 2022 lita ba ta kai naira 300 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura 800, a 2024 kuma ta wuce 1,200. Motar da ta yi kilomita 3,000 a wata, idan tazarar takarda da hanya lita 3 ce kawai a kowace 100, lita 90 ke nan, sama da naira 100,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wato kuskuren da ke cikin kwamfuta shi kaɗai ya isa ya cinye albashin mutum har ya biyo shi bashi.

Za a ce ai direbobi suna satar mai. Suna yi, wasu ma da tiyo a ƙarƙashin kujera suke yawo, kuma ba na kare su. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aunin ƙarya ba ya kama ɓarawo, domin ya riga ya mayar da kowa ɓarawo. Direban kirki da aka yanke wa albashi sau biyu, a karo na uku zai nemi yaron gidan mai ya rubuta masa rasit na bogi don ya cike giɓi. Ofis ne ya koya masa. Ɓarawon gaske kuwa ya samu mafaka, tunda kullum lissafi ba ya daidaita ga kowa, nasa ya ɓace cikin na jama'a.

Sannan wa ya ce litar da aka biya ita ce ta shiga tanki? Sau nawa hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA take rufe gidajen mai saboda tauye mudu? A ƙauye kuma ba zaɓi sai 'yan bumburutu, inda wani gas ɗin an sirka shi da kananzir, wani da ruwa a gindin jarka. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke kawo wa Afirka ta Yamma gas mai sinadarin sulfa da ya ninka abin da dokar Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa, sai a 2020 ECOWAS ta amince da rage shi. Motocin Kwatano masu matatar hayaƙi irin ta zamani, mai tsabta aka ƙera su su sha. Idan matatar ta riƙa toshewa, injin yana ƙona ƙarin mai don ya wanke ta. Duk wannan a wuyan direba ake ratayawa.

Wanda yake son ya koyi lissafin mai na gaskiya ya je tashar Agadas. Daga can zuwa Dirku kusan kilomita 650 ne ta cikin Tenere, ba kwalta. Direbobin wannan hanya, masu motar fetur da masu ta gas, ba wanda yake tashi da abin da ke tanki kaɗai. Da jarka da duro suke ƙidaya, suna ware na ɓatan hanya da na kafewa, kuma sun san duron lita 200 ƙarin nauyin kusan kilo 170 ne wanda shi ma zai ci nasa rabon. Lokacin da Nijar ta kafa dokar 2015 ta hana safarar bakin haure, wadda aka soke a Nuwamban 2023, direbobi da yawa sun bar hanyar rijiyoyi sun riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. A tsakiyar 2017 an tsinci gawar mutum 44 a wannan yanki, da 'yan Najeriya da 'yan Gana a cikinsu, bayan motarsu ta lalace. Lalacewa ce ta tsayar da su, amma Sahara ba ta tambayar dalilin tsayuwar mota. Wannan ne ya sa nake ganin ganganci ne babba a tura ma'aikata daji da man da aka auna da takardar kamfani. A wasu yankunan Zamfara da Borno, motar da ta mutu bayan magariba ta jefa ran mutum biyar cikin haɗari.

Gyaran ba ya bukatar taron bita a otal. A cika tanki har baki, a rubuta kilomita. A yi tafiyar aiki ta gaske, da kayanta da mutanenta, a dawo a sake cikawa har baki a famfo guda. A raba litar da kilomitar, a ninka sau 100. A maimaita a kwalta, da burji, da yashi, a rani da damina, kowace mota da nata, domin ta shekara goma ba ɗaya take da sabuwa ba. A tuna cewa manyan tayoyi suna sa agogon kilomita ya ƙidaya ƙasa da abin da aka yi, kuma adadin saura kilomita kaza da ke fitowa a gaban direba hasashe ne daga tafiyar da ta gabata. A ware shafi na awowin da injin ya yi a tsaye, wanda ya ba da umarnin ya sa hannu. Kuma akantan ya shiga motar ya bi su ko sau ɗaya, gani ya kori ji.

Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta leƙa filayen motoci ta ji abin da ake faɗa wa mutane. Ƙungiyoyin direbobi, da suka iya karɓar kuɗin tikiti kowace safiya, su tsaya wa 'ya'yansu a kan wannan. Duk ofishin da ya taɓa yanke wa direba kwabo alhali bai taɓa auna motarsa a kan hanyar da yake tura ta ba, ya binciko takardun ya mayar masa da kuɗinsa. Haƙƙi ne, kuma Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe.