Sadaukin Da Aka Hana Shi Girma

Akwai wata gardama da ta daɗe tana gudana a Amurka tsakanin masu buga littattafan labari masu zane da ma'abota karanta su. Littattafan nan su ne masu ba da labarin sadaukai irin su Superman da Batman da Spider-Man, waɗanda yaranmu da yawa suka sani a sinima da talabijin, ko da ba su taɓa riƙe littafin ba. Abin gardamar kuwa shi ne: shin za a bar sadaukin labari ya girma, ya yi aure, ya tsufa, har ya bar wa wani gadonsa, ko kuwa za a riƙe shi yadda ya ke har abada, don kada sabon mai karatu ya iso ya tarar an yi nisa? Wani zai ce wannan zancen yara ne. Mu kuwa a ganinmu, duk abin da ya shafi yadda a ke sa yaro ya ɗauki littafi don ra'in kansa, ba da bulala ba, ya isa malamin makaranta ya tsaya ya duba.

Bari mu fara da tushen matsalar. Superman ya fara fitowa a shekarar 1938, daga hannun waɗansu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster. Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man kuma a 1962. Tun daga sa'an nan kamfanonin da suka mallake su, watau DC da Marvel, ba su fasa fitar da labarinsu wata-wata ba. Marubuci ya zo ya yi zamaninsa ya wuce, wani ya ɗora daga inda ya tsaya. To, labarin da aka yi shekara 60 ko 80 ana saƙa shi, yaya ɗan shekara 12 zai san ta inda zai shiga? Da ya buɗe fitowar wannan wata, sai ya tarar ana ambaton gabar da aka ƙulla tun ba a haifi ubansa ba.

Maganin da kamfanonin suka fi so shi ne wanke allo. Daga 1985 zuwa 1986 kamfanin DC ya buga wani dogon labari mai suna Crisis on Infinite Earths, ya rushe tarihin sadaukansa ya sake aza tubali. A watan Satumba na 2011 ya sake yin haka: ya tsai da littattafansa, ya fito da guda 52, kowanne daga lamba ta 1. Ciniki ya hau a watannin farko, sa'an nan ya yi ta sauka, har a 2016 kamfanin ya koma yana maido da abubuwa da yawa daga cikin waɗanda ya zubar.

Na Marvel ya fi wannan ban takaici. Peter Parker, watau Spider-Man, ya soma ne yana ɗan makaranta, maraya, a hannun matar baffansa wadda ta rene shi. Masu karatu suna kallo ya gama sakandare ya shiga jami'a. A 1973 budurwarsa Gwen Stacy ta halaka a hannun abokin gabarsa, a 1987 kuma ya auri Mary Jane. Wannan tafiya ita ce ta ɗaure zukatan jama'a gare shi. Amma a 2007, babban editan kamfanin, Joe Quesada, wanda ya ke ganin aure ya tsufar da sadaukin, ya sa aka fitar da labarin One More Day. A ciki Peter da matarsa suka ƙulla ciniki da wani iblis mai suna Mephisto: ya ceci ran tsohuwar da ta rene shi, su kuma su ba da aurensu, ya zama kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Auren shekara 20 ya tafi a fitowa 4. Har yanzu akwai masoya da yawa da ba su huce ba.

Kada mu ƙi faɗin hujjar editocin, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Suna ganin sadauki dukiyar kamfani ce wadda za ta daɗe fiye da kowane mai karatu, kuma kowane zamani na yara yana da hakkin ya sami Spider-Man saurayi, mai fama da kuɗin haya da neman aure, kamar yadda iyayensu suka same shi. Sai dai fa abin da ya auku bai goyi bayansu ba. Ku dubi littattafan zane na Japan, waɗanda yara su ke wawasonsu har a Amurka kanta. Goku na Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya soma a 1984, ya fara yana yaro, ya yi aure, ya haihu, har ya ga jika. Labarin Naruto ya soma a 1999, ya ƙare a 2014, cikin littafi 72. Girman waɗannan jarumai bai kori kowa ba, domin yaro ya san ƙofa: ya ɗauki littafi na 1, ya bi da na 2, marubuci guda ya kai shi har ƙarshe. Kai, Marvel da kansa, a 2024, ya fitar da Ultimate Spider-Man na Jonathan Hickman, inda Peter ya ke magidanci da mata da 'ya'ya biyu, littafin kuwa ya shiga sahun gaba a ciniki.

Ashe ke nan abin da ke korar baƙo abu biyu ne: rashin sanin ƙofa, da kuma labarin da aiki ba ya barin tabo a cikinsa. An kashe Superman a 1992, jaridu suka ɗauka, mutane suka yi layi a kantuna. A 1993 sai ga shi ya komo. Tun da aka ga wannan dabara ta kawo kuɗi, mutuwar sadaukai ta zama kamar tafiya cin rani, kowa ya san da damina za a dawo. Yaro kuwa ba wawa ba ne. Ran da ya gane ba abin da zai tabbata, ba aure, ba mutuwa, ba hasara, ran nan zai daina kula da abin da zai faru a shafi na gaba. Garin gyaran gira an rasa ido.

Amma fa kada masoya su ɗauka mun ba su gaskiya duka. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu lambobin tarho biyu, su zaɓi ko a bar Jason Todd, yaron Batman na biyu mai suna Robin, ko a kashe shi. Kira 5,343 suka ce a kashe, 5,271 suka ce a bari. Da ratar 72 aka yanke wa yaro hukunci, a 2005 kuma aka maido shi. Labari ba a rubuta shi da ƙuri'a. Marubucin da ya zama ɗan amshin shatan masu karatunsa ba zai taɓa ba su mamaki ba, alhali kuwa mamakin su ke saye. Har wa yau, waɗansu tsofaffin masoya da ke kukan an hana sadauki girma, su ne kuma su ke tsaye a bakin ƙofa suna harare baƙi. Sa'ad da aka fito da Miles Morales a 2011, baƙar fata mai ɗauke da sunan Spider-Man, da kuma sa'ad da aka ba Kamala Khan, 'yar asalin Pakistan, littafinta na Ms. Marvel a 2014, an ji gunaguninsu. Duk da haka littafin Kamala ya ci kyautar Hugo a 2015, fim ɗin Miles kuma ya ci kyautar Oscar a 2019, su biyun suka jawo mutanen da dā ba su leƙa wajen.

Mu dai a ganinmu hanya tana nan, kamfanonin ma sun taɓa bin ta. Dick Grayson ya zama Robin na farko a 1940. A 1984 aka bar shi ya girma, ya tuɓe rigar yarantaka, ya zama Nightwing, ya kuma karɓu. Da Barry Allen, watau Flash, ya mutu a labarin 1985, yaronsa Wally West ya gaji sunan, ya riƙe shi fiye da shekara 20. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san sarauta: mai rawani ya kan wuce, rawani yana nan. Ta haka tsohon masoyi zai ga ƙarshen wanda ya taso da shi, yaro kuma ya sami nasa sadaukin tun daga shafin farko.

Wannan darasi ya shafe mu, domin sana'ar ta iso gida. A Ikko akwai kamfanin Comic Republic, wanda aka kafa a 2013, yana fitar da sadaukai 'yan Afirka, kuma lalle waɗansu za su biyo baya. Shawararmu ga masu wannan aiki ita ce su san ƙarshen labarinsu tun kafin su zana farkonsa, su saurari masu karatu, amma kada su miƙa musu alƙalami. Ku kuma malamai, in za ku zaɓar wa ɗakin karatun makaranta irin waɗannan littattafai, ku nemi wanda ya ke da farko da ƙarshe. In almajiri ya gama, ku tambaye shi abin da jarumin ya rasa a hanya, da abin da ya koya. In ya iya amsawa, to, kuɗin littafin bai tafi a banza ba.