Sanyi da zafi: Ina makomar noman alkama a Kebbi?

Tun bayan da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, mai shayi a Zuru ya san cewa tsadar burodinsa daga nesa take tasowa. Najeriya na sayo miliyoyin tan na alkama daga waje a kowace shekara, alhali kuwa abin da ta noma a 2021 bai kai tan dubu 40 ba, bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

An sha yunƙurin sauya lamarin. Gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama a 1987, daga baya aka janye haramcin. A Nuwamban 2015 kuma aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa da alkama rance a Birnin Kebbi. Shinkafa ta amsa kira, alkama kuwa ta ja da baya.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin jikin shukar. Kowace ƙwayar halittar alkama na lulluɓe ne da wata tantani ta maiƙo. Maiƙon iri biyu ne: wani kamar man shanu, mai daskarewa da hunturu, wani kuma kamar man gyaɗa, mai zama ruwa-ruwa.

A Rasha da Kanada, idan sanyi ya kawo jiki, alkamar hunturu kan ƙara yawan maiƙo mai ruwa-ruwa, don kada tantanin ya sandare ya tsage. Wannan na daga cikin abin da ke sa ta jure sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri.

To sai dai a Kebbi ƙanƙara ba ta kwanciya a gona. Zafi ne abokin gaba. Idan ya tsananta, tantanin kan yi laushi fiye da kima, ya riƙa yoyo, ƙwaya ta ƙanƙance. Wani bincike da masana a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka suka wallafa a 2016 ya nuna cewa alkama kan rage maiƙo mai ruwa-ruwa idan zafi ya matsa mata.

Ke nan irin da ya yi fice a ƙasashen ƙanƙara ba lalle ne ya dace da fadamunmu ba. Shi ya sa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta duƙufa wajen samar da iri mai jure zafi, kuma ake son a yi shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin alkama ta cika ido kafin zafin Maris.

Nan ne Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 ke da rawar takawa, ta gwada irin a ƙasar Kebbi. Gwamnati kuwa, ranta shi ne kai iri da taki a kan kari, domin taimakon da ya iso a Janairu, tamkar ihu ne bayan hari.