Kayan Kaka da Mai Saye a Ƙofar Gida

Akwai wata sana'a wadda ba ta da rumfa a kasuwar Gummi ko ta Anka, amma ƙauyuka sun san masu yinta. Mutum ne zai zo da jaka a kafaɗa, ya yi sallama, ya sha ruwa, sa'an nan ya tambaya ko akwai tsofaffin kaya a gidan: tasar tagulla, takobi, likkafa, akushi, rigar saƙi, ko kuɗin da aka daina karɓa. Nan take yake biya. A shekarun nan da rashin zaman lafiya ya tashi mutane daga ƙauyukan Bukkuyum da Anka, wanda ya gudo da iyalinsa ba ya tsayawa dogon ciniki a kan kwanon kakarsa. Zancen da za mu yi a wannan wata ke nan.

Tara kayan da, don sha'awa, abu ne mai kyau, muna kuwa so yaranmu su koya. Mafi sauƙin farawa shi ne tsofaffin kuɗi. A bincika ƙasan adakar tsohuwa, da wuya a rasa kobo mai huji ko anini. Da su kaɗai za a koya wa yaro lissafin da kakansa ya yi kasuwa da shi: anini 10 kobo guda, kobo 3 taro, kobo 6 sisi, kobo 12 sule, sule 20 fam guda. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta shigo, aka mai da fam ɗaya naira biyu, lissafin nan ya kwanta. Kafin kuɗin Turawa kuma wuri ake kashewa, wanda yawancinsa daga tsibiran Maldib ya fito, can cikin Tekun Indiya. Mu malamai mun ga yadda ajin da ke gyangyaɗi yakan farka idan aka zuba wuri a kan tebur aka ce a nemo Maldib a taswira. Kan sarki na tsofaffin wasiƙu ma haka yake.

Amma kada wani ya sa rai zai yi arziki da kobo mai huji. Miliyoyi aka buga, abin da ya yi yawa kuwa ba ya tsada. Liyari ma, babban kuɗin azurfan nan mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya wanda iyayenmu mata suka yi ado da shi, yana ruɗin mutane. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinsa, ka ce ya haura shekara 240. Shekarar da sarauniyar ta mutu ce, kuma duk wanda aka buga bayanta wannan shekarar ake sa masa, ko da jiya ya fito daga maƙera. Darajarsa yawanci ta azurfar da ke cikinsa ce.

Wanda yake so ya mai da abin sana'a, hanya tana nan, Hausawa kuma sun daɗe a kanta. A Kasuwar Kurmi ta Kano akwai masu sayar da irin waɗannan kaya ga baƙi. Fatakenmu sun kai sana'ar har Abijan, wani Ba'amurke mai suna Christopher Steiner ya zauna da su ya rubuta littafi a kansu a 1994. A ciki ya bayyana yadda ake tsufar da sabon sassaƙa da hayaƙi da ƙasa don mai saye ya ɗauka tsoho ne. Wannan zamba ce, ba mu da wani suna da za mu ba ta. Mai sayar da sabon aikin hannu, ya ce sabo ne, ya ci ribarsa da gaskiya, masaƙa da maƙera da dukawa su ma su samu.

Ga kuma doka, wadda yawancinmu ba mu taɓa ji ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ce ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashinta, aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, haka kuma abin da aka tono a tsohon kufai. Ba a saye ko sayar da irinsu sai ta hannun wakilin da Hukumar ta amince da shi, ba a fitar da su waje sai da takardar izini. Saboda haka idan mai jaka ya taya takobin kakan kakanka, tambayar farko ita ce ina takardarsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ke ƙarƙashin ƙasa. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono siffofin yumɓu a Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Wani kai da aka samu wajen Jama'a sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Siffofin sun wuce shekara 2,000. Daga baya irinsu suka ɓullo a ƙasar Katsina da ta Sakkwato, har da Kwatarkwashi kusa da Gusau, inda aka yi ta tono a ɓoye a shekarun 1990 ana lodawa zuwa Turai. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekarar ce kuma aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a Faris. Bayan surutu, Faransa ta yarda a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Mutumin da ya shiga rami ya ciro su, ba a san ko sunansa ba, kuma ba shakka abin da ya karɓa bai kai kuɗin akwatin gilashin da aka sa su ciki ba.

Asarar ta fi ta kuɗi. Masana suna gane shekarun abu ne daga ƙasar da yake kwance ciki, da gawayi da tsingaron da ke kewaye da shi. Da zarar diga ta birkice wurin, labarin ya tafi. Shi ya sa har yau kaɗan aka sani game da mutanen da suka gina siffofin Kwatarkwashi, alhali ƙasarmu suka zauna.

Mutanen Yargalma ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan tono don kuɗin gaggawa. A 2010 dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ya zo da dalma, gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Yargalma, Dareta, Abare da maƙwabtansu. Siffar yumɓu ba ta da guba, ba mu ce tana da ita ba. Sai dai cinikin iri ɗaya ne: baƙo ya san farashi, mai ƙasa bai sani ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da, ko da yake a nan yunwa ta fi kwaɗayi laifi.

Ba za mu ga laifin uban da ya sayar da tasa ya sayi gero ba. Roƙonmu kawai, kafin kaya ya bar gida a sami ɗan makaranta ya rubuta a littafi: na wane ne, wa ya ƙera, daga wane gari aka zo da shi, a wane biki aka yi amfani da shi. Mai waya ya ɗauki hoto. A tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku. Idan kuwa garma ce ta tono kai ko tukunya a gona, a bar shi inda yake, a rufe da ƙasa, a sa alama, a gaya wa mai gari, shi kuma ya aika wa ma'aikatan tarihi, ko a Gidan Makama na Kano, ko a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.