Waiwaye: 'Yardaje da Yekuwa, gwajin da iyaka ta shirya

Tsakanin 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar tafiyar 'yan kilomitoci ce. Harshe ɗaya, addini ɗaya, gero iri ɗaya ake shukawa. Amma daga 1906 zuwa 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, aka wayi gari garuruwan biyu kowa da mai mulkarsa. A shekarun 1980 wani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a cikinsu yana duba abin da layin nan ya canza a sarauta da karatu da yadda mutum ke kallon gwamnati, ya fitar da littafi a 1994.

Masana halayyar ɗan Adam suna kiran irin wannan gwajin da ya zo da kansa: mai bincike bai raba kowa ba, ya tarar tarihi ya riga ya raba. Ya sha bamban da gwajin cikin ɗaki, irin na Stanley Milgram a Jami'ar Yale a 1961, inda aka umarci mutum ya danna wa wani wutar lantarki, bai san ta ƙarya ce ba. Cikin mutum 40, 26 suka bi umarni har ƙarshen na'urar. A ɗaki komai na hannun mai bincike, sai dai wanda ya san ido na kansa ba lalle ya nuna halinsa na kasuwa ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na cikin gari, kuma an yi shi nan kusa, a Kaduna, a 2014. Alexandra Scacco da Shana Warren suka ɗauki samari Musulmi da Kirista suka koya musu kwamfuta na mako 16. Ƙuri'a ce ta zaɓi ajin kowa: wasu a gauraye, wasu 'yan addini ɗaya zalla. Da aka gama, abin da samarin ke faɗa a kan ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi aka ce su raba da wani, 'yan ajin gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan ajin addini ɗaya ba. Baki na nan inda yake, hannu ya motsa. Tun da ƙuri'a ce ta yi rabon, ba mai cewa dama masu sauƙin kai ne suka nemi ajin gauraye.

A nan ne labarin 'Yardaje yake da rauni, duk daɗinsa. Iyakar ba ƙuri'a ba ce. An yi ciniki a kanta, Faransa na neman hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Bayan an shata ta kuma mutane ba su zauna inda aka bar su ba. Aikin tilas da harajin Faransa sun koro da yawa zuwa kudu. To in yau ka ga mutumin gefen Daura ya fi ƙarfin hali gaban hukuma, mulkin Ingila ne ya yi shi haka, ko kuwa kakansa yana cikin masu taurin kan da suka tsallako? Duk ɗalibin Daura da zai rubuta kundi a kan garuruwan bakin iyaka irin su Kwangwalam ko Mai'aduwa, tambayar nan na jiransa kafin ya raba takardar tambayoyi ta farko.