Daga Bakin Allo: Kwabo Mai Huda da Dinarin Kaisar



Ran nan wata yarinya a ajinmu ta kawo kwabo mai huda, wanda ta tsinta a cikin adakar kakarta a Rawayya. Ta ce maƙeri zai narka shi ya yi mata zobe. Muka ce ta dakata tukuna, gama kuɗi yana da labari a bakinsa.

Turawa sun fara buga irin wannan kuɗi mai huda a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, domin ya maye gurbin wuri. Da shi kakanninmu suka yi cinikin auduga da gyaɗa a Gusau, suka kuma biya haraji. Naira ta shigo ran 1 ga Janairu, 1973.

Iyayenmu da suka yi lissafin fam da sule suna tuna harafin "d" da ake rubutawa a madadin kwabo. Daga dinari aka samo shi, wato kuɗin azurfa na Romawa, wanda aka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Almasihu. Nauyinsa wajen giram 4 ne. A Matiyu sura 20 dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. A sura 22 kuwa, shi aka nuna wa Yesu a kan zancen haraji. Kaisar Tibariyas ne yake mulki a lokacin, daga shekara 14 zuwa 37.

Masu tara kuɗin Romawa sukan auna su. Ta haka aka ga cewa Kaisar Niro ya rage azurfar dinari a shekara 64, na bayansa suka yi ta ragewa, har kuɗin ya koma kusan tagulla zalla, kaya kuwa suka yi tsada. Ashe tsadar da muke kuka da ita ba yau ta fara ba.

Saboda haka, iyaye, in kun sami anini ko sisi ko sule a gida, kada ku goge shi da toka ko lemun tsami, gama rubutun zai shafe. Ku nannaɗe kowanne a takarda, ku rubuta shekararsa da sunan mai shi. Ku sa yara su tambayi tsofaffi abin da yake saya a dā, tun suna da rai.

Yarinyar ta tambayi kakarta. Zoben dai an fasa.

Sai wata mai zuwa.