Ra'ayinmu: A Buɗe Mana Kabad Ɗin Nan

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajen lantarki ya san kabad ɗin nan na kusurwa mai ƙaton kwaɗo. A ciki ne kayan koyon sadarwa ta zaren gilashi suke kwance, mu kuwa sai dai mu kwafe zanensu daga allo. Lalle wannan al'amari ya isa a yi magana a kansa.

Gwajin da muke roƙo ba wani mai tsada ba ne. Ɗalibi ɗaya ya zauna a wannan gefe, ɗan'uwansa a wancan, zare ya haɗa su. Na farko ya yi magana, 'yar fitila ta mai da muryarsa haske, hasken ya bi cikin zaren yana karo da bangonsa yana komowa ciki, har na'urar da ke can ƙarshe ta sake mai da shi murya. To, sai na biyu ya amsa, kuma a nan ne karatun yake. In zare biyu ne, kowa da hanyarsa. Amma in ɗaya ne tak, wani ɓangare na hasken da ka aika yakan dawo maka daga mahaɗa, ya dagula abin da kake saurare. Shi ya sa masana sukan ba kowane gefe irin haskensa, misali nanomita 1310 a tafiya, 1550 a dawowa, kana su sa matata ta raba su. Wanda ya lanƙwasa zare da hannunsa ya ji murya tana dusashewa, ko ya ga yadda ɗan ƙura a bakin zare yake ɓata aiki duka, ba zai manta ba. Wanda ya haddace kuwa, daga an fito jarrabawa shi ke nan.

A 1966 ne Charles Kao da George Hockham suka nuna, a Ingila, cewa dattin da ke cikin gilashi shi ke cinye haske. Kamfanin Corning ya fito da zare mai tsabtar da ake bukata a 1970, Kao kuma ya sami kyautar Nobel a 2009. Kada wani ya ce abin na Turawa ne: a watan Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunanmu da intanet sun ji a jikinsu. Wa zai riƙa haɗa irin waɗannan zarurruka in ba mu ba?

Hujjar da ake ba mu ita ce ɗalibai za su lalata kaya. Mun yarda ana samun masu ganganci a cikinmu. Amma zaren da ake koyo da shi galibi na roba ne, mai kaurin milimita 1, in bakinsa ya lalace a yanke a goge. Muna roƙon shugabannin sashe su sanya wannan gwaji cikin jadawalin zangon nan, ɗalibai biyu-biyu, kowa ya sa hannu a littafi kafin ya karɓi kaya. Ƙungiya a shirye take ta ba da wakilai su riƙa duba littafin kowace Alhamis.