Tsakanin Durum da Lawanti, Waye Zai Hau Jirgi?

'Yan uwa, yau lissafin kilomita na kawo muku, don a kansa ake yawan yaudarar mu lokacin kamfe.

Filin jirgin Bauchi, wanda aka sa wa sunan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana Durum, an buɗe shi a 2014 zamanin Isa Yuguda. Na Gombe kuma yana Lawanti, aikin zamanin Ɗanjuma Goje. Tsakaninsu ta sama kilomita 130 ne ko kusa da haka, tafiyar da ba za ta kai rabin awa ba. Kafin ma'aikaciyar jirgi ta gama raba ruwa an fara shirin sauka.

Amma jiragen da ke sauka a filayen nan biyu, akasarinsu Abuja suka sa a gaba. Wanda ya nace sai ya bi ta sama, to zai je Abuja tukuna, ya zauna jira, sannan ya juyo. Tafiyar kilomita 130 ta koma sama da 700, da kuɗin tikiti biyu.

Ni ban ga laifin kamfanonin jirgi ba. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi, ga kuɗin sauka da ake biya kowane zuwa, don haka gajeriyar tafiya asara ce gare su. Fasinja ma bai ci riba ba. Ka fita daga gari zuwa Durum, ka iso awa ɗaya kafin tashi, a caje kayanka, ka sauka Lawanti ka sake neman mota. Wanda ya shiga mota a tasha lokacin da ka bar gida, wallahi yana iya riga ka shan ruwa a Gombe.

Kar a ce na raina filayen. Alhazai sun samu sauƙi, kuma mai zuwa Abuja ya huta. Amma Bauchi da Gombe jiha ɗaya ce har 1996, dangi da kasuwanci duk a haɗe suke, kuma abin da ke ɗauke da su shi ne titin da ya bi ta Dindima da Alkaleri. Nan mai buhun masara yake bi, nan ake bi da mara lafiya, nan ɗalibi yake bi. Rami ɗaya a wannan titi ya fi taɓa jama'a fiye da soke tashin jirgi goma.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo mana da alƙawarin sabon filin jirgi, ko namu ne na cikin gida, ni dai zan tambaye shi: kilomita nawa ne zuwa filin da ya fi kusa, jirgi nawa zai riƙa sauka a mako, kuma titin da zai kai mu can a wane hali yake? In ya fara kame-kame, ku ɗauki bidiyon ku turo mana.